Zagayen Kudancin Amurka da jaka a baya: dala 3,000 da koren fasfo za su kai mutum?

Nura Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Na daɗe ina tara 'yan kuɗi daga aikin da nake yi ta intanet, yanzu sun kai wajen dala 3,000, kuma burina in ga tsaunukan Andes da idona. Tsarin da na zana shi ne in sauka Kolombiya, in gangara Ekwado, Peru, Bolibiya, Chile, in ƙare a Ajantina, duk a mota, jaka ɗaya a baya, cikin wata biyu. Turawan da nake kallo a YouTube suna cewa dala 30 a rana ta isa ci da kwana da kuɗin mota. Gaskiya ne? Akwai wanda ya taɓa yi da koren fasfon nan namu?

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. Kai yaro, dala 3,000 ka tara, ba ka yi Umara ba, ba ka yi aure ba, sai hawan dutse? Dutsen Dala ya ƙare ne? Ga Goron Dutse nan kyauta.

Nura Fagge: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Dala tun ina firamare na gama da shi. Umara tana cikin niyya in sha Allah, aure kuma sai ranar da ka ba ni 'ya.

Alhaji Tanko: In ba mai yawo da buhu a baya 'yata? Allah ya kiyaye.

Malam Habu Sao Paulo: Nura ƙanena, rabu da Alhaji da tsokanarsa, zo mu yi lissafi. Ni a Brazil nake zaune, da aikin yankan kaji na halal na fara a kudancin ƙasar, yanzu ina 'yar sana'ata a unguwar Bras. Dala 30 ɗin da Turawa ke faɗa ba ƙarya ba ce. A Peru da Bolibiya mai tsimi zai rayu da ita har ya yi rara. Abin da ba su gaya maka ba shi ne, su fasfonsu hatimi kawai ake buga masa a bakin iyaka su wuce. Bature zai farka da safe a Kusko ta Peru ya ce yau Bolibiya nake sha'awa, ya hau mota. Kai in ka yi haka, a Desaguadero, bakin iyakar Peru da Bolibiya, za a juyo da kai. Ƙasashe shidan nan da ka lissafa babu wadda ɗan Najeriya zai shiga ba biza, kuma kowacce da kuɗinta, da takardar banki, da shaidar masauki, da tikitin fita.

Da ba haka abin yake ba a ko'ina. A 2008 Ekwado ta cire wa kusan duk duniya biza, mutanenmu suka rinƙa sauka Kito. A 2010 ta mayar da ita kan Najeriya da wasu ƙasashe, a 2019 ta ƙara da Ghana da Kamaru. Dalilin kowa ya sani: mutane sun rinƙa sauka can su miƙe arewa ta dajin Darien tsakanin Kolombiya da Panama, suna neman Amurka. A 2023 kaɗai fiye da mutum dubu 500 suka ratsa dajin nan. To duk jami'in da ya ga saurayi ɗan Afirka shi kaɗai da jaka a baya, abin da zai fara zuwa ransa ke nan, kuma aikinka ne ka nuna masa komawa gida za ka yi.

Sai jirgi. Kada ka soma bi ta Turai, domin ɗan Najeriya da ɗan Ghana sai da bizar wucewa a filayen jirgin ƙasashen Schengen ko da ba za su leƙa waje ba, sai in suna riƙe da wata biza irin ta Amurka. Hanyarmu ita ce Ethiopian ta Addis Ababa zuwa Sao Paulo, ko TAAG ta Luwanda, ko Turkish ta Istanbul, ko Qatar ta Doha. Ka yanki tikitin a haɗe har Lima, babban birnin Peru, kada ka saya gutsi-gutsi don neman araha, in ba haka ba za ka tarar sai ka shiga Brazil ka ɗauki kaya, ba ka da bizarta. Da ka biya jirgi da biza da inshora, ina ganin rabin kuɗinka ko fiye sun tafi kafin ka taka ƙasar. Shawarata ƙasa biyu: Peru da Bolibiya. Can duwatsun suke, can arahar take.

Nura Fagge: Kai Malam, ka sare mini gwiwa. Daga shida zuwa biyu? Patagoniya fa, can ƙarshen kudancin Chile da Ajantina?

Malam Habu Sao Paulo: Patagoniya ba ta talaka ba ce, ko Baturen ma kuka yake da ita. Chile dama tsada gare ta, Ajantina kuwa arahar da ake ba da labari ta zamanin canjin bayan fage ce. Tun da shugabansu Milei ya hau mulki a Disambar 2023 wannan garaɓasar ta yi ta zagwanyewa. Bidiyon da kake kallo ka rinƙa duba shekarar da aka ɗauke shi.

Sadiq Nima: Ƙarin bayani daga Accra. Ofishin jakadancin Peru yana nan garinmu, na Kolombiya ma haka. Saboda haka Nura, in suka ce sai ka bayyana da kanka, ka sa kuɗin zuwa Ghana cikin lissafi. Ka fara aika musu saƙon imel kafin ka kashe ko sisi, ka ji abin da suke buƙata a yanzu, ka ajiye amsar a rubuce. Masauki kam kada ka damu, tabarma tana nan a Nima. Kuma kada ka manta da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai tun 2016, amma katin asali suke son gani, ba hoto a waya ba.

Issoufou Maraɗi: Mu masu Faransanci fa, zai yi mana amfani a can?

Maman Ilham: Malam Issoufou, zai taimake ka wajen koyon Sifaniyanci da sauri, shi ke nan. A kasuwa ba mai jin ka, Turancin ma sai wuraren 'yan yawon buɗe ido. Ni da maigidana mun yi wannan hanyar ta Peru da Bolibiya daga nan Ingila, kuma na yarda da Malam Habu, ƙasa biyun nan sun ishe ka har ka gaji. Nura, ka koyi ƙirga da tambayar farashi da sunayen abinci tun kana Kano. In kana son ƙari, a garin Sukre na Bolibiya akwai makarantun koyon harshe masu sauƙin kuɗi, malami ɗaya ɗalibi ɗaya.

Ga yadda zan ba ka shawara ka bi. Kada ka daɗe a Lima, tana cin kuɗi, kuma daga Yuni zuwa Satumba sararin sama a murtuke yake ba rana. Ka hau motar dare zuwa Arekipa, tafiyar awa 16 ko makamancin haka, ka zauna can 'yan kwanaki. Daga nan wata motar dare zuwa Kusko, sannan Puno a bakin tafkin Titikaka, ka tsallaka iyaka zuwa Kopakabana, ka wuce La Paz, ka gangara Uyuni mai filin gishiri. Motar dare ita ce sirrin arahar, domin ta haɗa maka kuɗin tafiya da kuɗin kwana. Akwai kujerar da suke kira semi-cama mai ɗan kwantawa, akwai cama mai kwantawa sosai. A doguwar tafiya ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka hau cama a kamfani mai suna kamar Cruz del Sur. Titin duwatsu da dare ba wurin neman mafi araha ba ne, lanƙwasa ce a kan lanƙwasa ga rami a gefe.

Tsakanin Kopakabana da La Paz akwai inda tafkin ya tsuke, ana kiran wurin Tikina. Babu gada. Direba zai ce kowa ya sauka, a tura motar kan wani faffaɗan jirgin katako, tana tangaɗi da kayanku duka a ciki, ku kuma ku biya 'yan canji ku shiga ƙaramin kwale-kwale mai inji. Kana tsaye a ɗaya gaɓar cikin iska mai sanyi kana kallon jakarka tana tahowa a hankali bisa ruwa, mata masu faffaɗan siket da hular malafa suna soya ƙananan kifi a gefe. Fasfo da kuɗi su kasance a jikinka a wurin nan, ba cikin mota ba.

Nura Fagge: Anti, me ya sa sai na zagaya ta Arekipa? Na ga akwai jirgi mai araha daga Lima zuwa Kusko, awa ɗaya da 'yan mintuna.

Dakta Maryam: Bari in amsa wannan, domin shi ne abin da ya fi biza muhimmanci a wurina. Lima a bakin teku take. Kusko tana kan mita 3,400, tafkin Titikaka 3,812, La Paz wajen 3,600, El Alto da ke samanta ta haura 4,000. Wuri mafi tsawo a duk Najeriya shi ne Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, wato ko kusa da Kusko bai kai ba. A tsayin La Paz kowane numfashi da ka ja, iskar oksijin da ke cikinsa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya tashi daga bakin teku ya dira can cikin awa ɗaya, shi ne ke kwana da ciwon kai, amai, kasala da rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfinka ko yawan motsa jikinka. Arekipa tana kan mita 2,300 da ɗoriya, shi ya sa Maman Ilham ta ce ka yada zango can jiki ya saba. Ƙa'idar da muke bi: in ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya rinƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a dare guda. Akwai magani acetazolamide da ke taimakawa, amma likita ne zai rubuta maka. In ka ji numfashi na yi maka wuya kana zaune, ko tari mai kumfa, ko kana tangaɗi kamar mai maye, magani ɗaya ne, a sauko da kai ƙasa a daren, ba gobe ba.

Yanzu abin da babu Baturen YouTube da zai faɗa maka: ka san rukunin jininka? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai sikila SS ko SC kam kada ma ya fara wannan tafiyar. Amma mai AS da bai taɓa ciwo ba a rayuwarsa, a irin wannan tsayin jini kan iya toshewa a saifarsa. Ciwo ne mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, yakan zo a kwanakin farko na hawa, musamman ga wanda ya wahalar da jiki bai sha ruwa ba. An sha ganin haka a asibitocin Peru da Bolibiya. Ba kowane mai AS yake samu ba, amma dole ka sani, kuma ka riƙe takardar gwajin, domin likitan can ba lallai tunaninsa ya je nan da wuri ba.

Nura Fagge: Wallahi Dakta ban taɓa gwadawa ba. Ana cewa sai an zo aure.

Alhaji Tanko: Ka ga ni ko? Komai dai auren nan ake komawa.

Bash Gunners: Maganar Dakta gaskiya ce, mu 'yan ƙwallo mun sani. Afrilun 2009 Bolibiya ta lallasa Ajantina 6 da 1 a La Paz, Maradona na koci, Messi na cikin fili. A 2007 har FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa a sama da mita 2,500, shugaban Bolibiya na lokacin Evo Morales ya tayar da ƙura, daga baya aka janye. In Messi ya yi haki, kai Nura na Fagge wa ya aike ka?

Maman Ilham: Mutanen can shayin ganyen koka suke ba baƙo da ya sauka. A kowane masauki za ka ga kwandon ganyen kusa da tulun ruwan zafi.

Alhaji Tanko: Innalillahi! Ganyen hodar iblis? Hajiya, da girmanki?

Maman Ilham: Alhaji, ganye daban, hoda daban. Sai an tara ganye mai yawa an sarrafa shi da sinadarai kafin a fitar da hodar. Shayin ba ya bugarwa, manoma da masu haƙar ma'adinai sun shekara ɗaruruwa suna tauna ganyen, kuma doka ta halatta shi a Peru da Bolibiya. Ban ce kowa ya sha ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba akwai wani ganye mai ƙamshin na'ana'a da suke kira muña, shi ma ana dafawa.

Ustaz Kabiru: Ni dai a fahimtata barin abin da ke da shubuha ya fi, tunda ga madadi kuma ga maganin asibiti. Ba fatawa nake bayarwa ba.

Dakta Maryam: Ta ɓangarenmu kuma, kofi ɗaya na shayin nan ya isa gwajin fitsari ya nuna alamar hodar na ɗan lokaci. Mai aikin da ake yi wa gwaji ya kiyaye.

Malam Habu Sao Paulo: Ku bar batun sha, ku saurari wannan. Nura, ko ganye ɗaya, ko alawar koka, ko ƙunshin shayin da ake sayarwa a kanti, kada ya kwana a jakarka ranar dawowa. Ka zazzage aljihunan jakar ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ya taso daga Sao Paulo idon NDLEA na kansa tun kafin ya sauka, kuma ba wanda zai tsaya jin bayanin al'adar mutanen Andes. Na biyu, kada ka karɓi saƙon kowa. Ko ni na ce ka kai wa mahaifiyata takalmi, ka ce a'a. Akwai 'yan'uwanmu da ke kurkuku a nan saboda kunyar cewa a'a.

Sadiq Nima: Wannan a rubuta da manyan baƙaƙe.

Ustaz Kabiru: Abinci da salla fa? Ba wanda ya taɓo.

Maman Ilham: Abinci mafi araha shi ne na rana a kasuwa, suna ce masa menú: romo da farko, sannan shinkafa da wani abu, da abin sha. A kasuwar San Pedro ta Kusko akwai layin mata masu tukwane, kana zaune a benci kafaɗa da kafaɗa da 'yan dako, kuɗin bai fi na ruwan roba biyu a unguwar Turawa ba. Matsalar ita ce alade ya shiga ko'ina, har kitsensa a wake da burodi, romon kuma da ƙashi ake dafa shi. Naman yanka na halal a duwatsu ka cire rai. Mu kifi muka riƙe: a bakin Titikaka soyayyen kifin tafki da dankali ko'ina akwai, a Lima kuma ceviche, ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da albasa da barkono. Sai ƙwai, masara, avokado, cuku, da dankalin Turawa iri-iri da ban taɓa gani ba, tunda asalinsa daga can ne. Ka lura da chicha: ta masara mai launin rawaya tsimammiya ce, giya ce. Chicha morada mai launin shuɗi-ja ita ce ba ta da komai, kamar zoɓo take. Ka zaɓi masauki mai kicin, ka je da yajinka da garin kunu daga gida in an bari ka shiga da su, ka rinƙa dafa na dare.

Masaukin matafiya ɗaki ɗaya ne gadaje shida ko takwas masu hawa biyu, maza da mata a haɗe sai ka nemi akasin haka. Wasu masaukan mashaya ce kawai aka sa wa gadaje, kiɗa har asuba. Ka karanta abin da mutane suka rubuta a kansu kafin ka biya. Sau da yawa ƙaramin ɗakin haya na iyali kusa da tasha, kai kaɗai da ƙofarka, kuɗinsa ɗaya da gadon can, ga wurin shimfiɗa darduma. Buta babu, robar ruwa za ka mayar buta. Alwala da ruwan Uyuni da asuba a watan Yuli kuwa, sai wanda ya gani.

Malam Habu Sao Paulo: Masallatai a manyan birane suke. A Lima akwai na unguwar Magdalena del Mar, a Takna kusa da iyakar Chile akwai Babul Islam da 'yan Pakistan suka gina. Alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa. Sauran kuma kai matafiyi ne, Ustaz ya yi maka bayanin ƙasaru da haɗa salloli.

Nura Fagge: To babbar tambaya. Machu Picchu, tsohon garin daular Inka da ke kan dutse kusa da Kusko. Na ga kuɗin jirgin ƙasa kaɗai ya kusa cinye kasafin mako guda.

Maman Ilham: Akwai hanyar talakawa. Ka hau ƙaramar bas daga Kusko zuwa wurin da ake kira Hidroelectrica, awa shida zuwa bakwai a kan titin da ba zan ɓoye maka ba yana da ban tsoro. Daga nan ka taka da ƙafa a gefen layin dogo wajen kilomita 10, ba hawa ba gangara, kogi na gefenka, har garin Aguas Calientes. Ka kwana, da asuba ka hau matakala zuwa ƙofar shiga, ko ka biya dala 12 bas ta kai ka. Tikitin shiga na baƙo a 2025 sol 152 ne a kuɗin Peru, ana ƙayyade adadin masu shiga a rana da kuma layin da za ka bi a ciki, don haka ka saya a shafin gwamnati tun da wuri. Sanannar hanyar Inka ta kwana huɗu kuwa mutum 500 ake bari a rana har da 'yan dako da jagorori, ana cike ta watanni kafin lokaci, a Fabrairu a rufe take, kuma tsadarta ba ta aljihunka ba ce. Masu ƙarfin ƙafa suna bin hanyar dutsen Salkantay, amma mashigarta ta kai mita 4,600, sai Dakta ta sa hannu.

Bash Gunners: Duk wannan wahalar don a ga kufai? Ni na fi son in ga fili na Maracana.

Malam Habu Sao Paulo: Ni ma a ganina an zuzuta shi. Cunkoso, layi, jami'i na busa usur in ka tsaya. Da kuɗin nan gara ya ƙara a kan Uyuni. Filin gishiri ne fiye da murabba'in kilomita dubu 10, fari fat har iyakar gani, tafiyar kwana uku a motar jif ku shida, da ci da kwana duka a ciki. Kuma kada ya biya ta intanet, ya isa garin ya zagaya ofisoshin ya yi ciniki, ya tambayi matafiyan da suka dawo ko direban yana sha.

Maman Ilham: A nan kam ban bi ka ba, Malam. Cunkoson gaskiya ne, amma duwatsun da aka sassaƙa aka jera ba siminti, ko reza ba ta shiga tsakaninsu, a ƙasar da girgizar ƙasa ke rushe ginin zamani, tun ƙarni na 15 suna tsaye. Ga magudanan ruwa har yau suna aiki. Mutum ya zo tun daga Kano ya tsaya a Kusko ya juya? In kuɗin ne, ya rage wani abu daban. Ya bar Dutsen Bakan Gizo da kowa ke rububi, mita 5,000 ne, a tashe ka ƙarfe huɗu na dare don hoto ɗaya.

Malam Habu Sao Paulo: To Hajiya, na bar miki. Amma ya bar kwanaki na rara a tsarinsa. A ƙasashen nan biyu in rai ya ɓaci titi ake tarewa da duwatsu, mota ta kwana biyu a wuri ɗaya. A Janairun 2023 Machu Picchu kanta rufe ta aka yi saboda zanga-zanga. Kada ka sa jirgin komawarka washegarin doguwar tafiyar mota.

Issoufou Maraɗi: Kuɗin fa, a kati ko a hannu?

Malam Habu Sao Paulo: Duka biyu, amma kada ya dogara da katin naira. Ya riƙe dala a hannu, sababbi, ba yagewa ba rubutu, domin 'yan canjin can ko ɗan tsaga suka gani sai su mayar maka. A Bolibiya tun 2023 dala ta yi ƙaranci, farashin gwamnati ya daɗe a boliviano 6.96, kuɗin ƙasar, kan dala ɗaya amma na kasuwa ya wuce shi nesa, saboda haka mai tsabar dala ya fi mai cira a na'ura riba. Ya duba yadda abin yake kafin ya tashi, yana canzawa. Ya raba kuɗin gida uku a jikinsa da jakarsa. Sata a can yawanci ta fizge ce da yankan aljihu a tasha. A La Paz akwai masu shigar burtu su ce 'yan sanda ne, su nemi ka shiga mota a duba takardunka. Kada ka shiga, ka ce a je ofis da ƙafa.

Maman Ilham: La Paz ɗin ma kada ka ɓata kuɗin tasi. Motocin igiya da ke yawo a sama, Mi Teleferico, tun 2014 suke aiki, boliviano 3 ne layi ɗaya. Ka hau jan layi zuwa El Alto ka ga birnin duka a cikin kwari da dutsen Illimani mai ƙanƙara a bayansa. Kallo kuwa za a kalle ka, baƙar fata ba ta da yawa a duwatsu, ni da hijabi har hoto aka nemi yi da ni. Yawanci mamaki ne, ba ƙiyayya ba. Kuma akwai baƙaƙe 'yan ƙasa, a yankin Yungas na Bolibiya da Chincha ta Peru, jikokin bayin da aka kai.

Malam Habu Sao Paulo: Tunda an zo nan, in da Nura zai ƙara ƙasa ta uku, ni Brazil zan ce, kuma ba Rio ba, Salvador ta jihar Bahia. Tunda jirgin ta Sao Paulo zai bi, ga ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 da yawa can aka sauke su. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen Hausawa a birnin, a Janairun 1835 cikin watan azumi Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a wuya. An murƙushe su, amma takardun da aka samu a jikinsu da rubutun Larabci suna nan a ajiye a gidan adana tarihi na jihar. Ka fito daga nan ka tarar da mata cikin fararen kaya suna soya ƙosai da manja a bakin titi, su tsaga shi su zuba jatan lande.

Alhaji Tanko: Ƙosai da manja? To sun ɓata shi. Amma maganar takardun nan, Habu, in ka je ka ɗauko mana hoto.

Nura Fagge: Na gode ƙwarai jama'a. Gobe zan je gwajin jini, in rubuta wa ofishin Peru. Sai rigar sanyi, in saya a gwanjon Ƙofar Wambai ko in bari sai can?

Maman Ilham: Takalmi ka saya a gida ka yi ta takawa da shi har ya saba da ƙafarka. Riga mai kauri ɗaya daga Wambai ta isa ta kai ka Kusko, hula da safar hannu ka saya a San Pedro. In ka isa La Paz ka daidaita da ranar Alhamis ko Lahadi, kasuwar 16 de Julio tana ci a El Alto, gwanjo har ka rasa na zaɓa, ka ƙara abin da za ka shiga Uyuni da shi. Kuma ka tafi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin ba ruwan sama a duwatsu.

Sadiq Nima: In sun ba ka rana ka sanar da ni da wuri, motar Legas zuwa Accra ba ta da tabbas a iyakar Seme.